Jujin Yayana

A gaban idona yayana ya karya wa wani bawan Allah hannu, ya fasa masa kai da ƙotar gatari, a ƙofar gidan da aka haife mu a Madarunfa. A kan juji aka yi. In na faɗi haka a Maradi sai a yi dariya, a ce mutanen gida da rigima, har a kan shara. Ba na taya su dariyar, domin ni na haɗa abin, kuma na san ko mene ne jujin nan a wurin mai shi.

A garinmu shara tana da masu ita biyu. Muddin tana cikin gida ta mace ce: ita za ta share, ita za ta tara, ita za ta ɗauka a tsohon kwano ta kai waje. Da ta tsallake bakin zaure ta faɗa kan juji, ta tashi daga shara ta zama taki, taki kuwa na maigida ne. Toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, ruɓaɓɓen kara, duk nan suke haɗuwa su dahu a hankali, sai bazara ta yi a kwashe a kai gona. Wanda ya ɗora reshen ƙaya a kan jujinsa kuwa ya gama magana, yana da niyya a kansa, kada kowa ya taɓa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan. Da shi na tashi, kamar yadda na san ba a miƙa wa babba abu da hagu.

Gonar yayana jigawa ce a kan hanyar Safo, gajiyayya, wadda ta cinye ƙarfin ubanmu kafin ta zo hannunsa. Shekara biyu bai kwashe jujinsa ba. So yake ya tara mai yawa ya zuba mata gaba ɗaya, ko ta farfaɗo. Duk Juma'a kafin a tafi masallaci sai ka gan shi tsugune a kai, yana tsince leda da fasassun kwalabe da hannunsa. Baki tara ke ci daga rumbunsa, wannan tarin da ya kai masa ƙirji kuwa shi ne hatsin da yake sa rai da shi.

Ni kuma na tsani tarin nan kamar in mutu. A daminar da ta gabaci abin jujin unguwa sun toshe lungunmu, ruwa ya rasa hanya ya kwanta, ya yi baƙi, ya shiga gidaje. Amai da gudawa suka kama yara. 'Yata ta kwana shida a likita ana ƙara mata ruwa, ina riƙe da ƙafarta ina jin tana yin sanyi a hannuna. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ni ban huce ba. Dama ba a san ni da haƙuri ba. Uwarmu kan ce barkono ta yi ta ci da cikina.

Da matan unguwa suka kafa ƙungiyar tsabta, ni aka ba lasifika, don na yi lekol, wato boko, kuma bakina ba ya mutuwa. Wani furoje, shirin taimako na raya gari, ya ba mu tsintsiyoyi da felu, ya ɗauko mana amalanke uku na yini guda. Muka sa ranar Asabar, kafin ruwa ya sauka, za mu kwashe duk jujin da ke cikin lungu.

Na yi magana har muryata ta dushe. Na je gidan suna, na je bakin famfo, na tsaya wurin injin niƙa ina ihu sama da ƙarar injin. Na tura saƙon murya a waya, na shiga radiyo a filin mata da hantsi. Ko'ina na je ana cewa Allah ya saka, ko'ina kuma mata ne. Lissafina mai sauƙi ne: su wa ke shara? Mata. To da mata zan yi magana. Ban taka majalisar maza ko ɗaya ba, ban aika wa mai unguwa ba, ban roƙi liman ya faɗa bayan salla ba. Maza sun ji ƙarar lasifikata daga nesa, suka ɗauka zancen tsintsiya ne, suka ci gaba da hirarsu.

Shi kuwa yayana akwai abin da ya hana ni tunkararsa, kuma ba kunya ba ce, girman kai ne. Ranar da na fara fitowa da lasifika yana zaune da abokansa a gindin dogon yaro, ya dube ni ya ce, “Madam, yau kuma mi ake saidawa? Maganin ɓera?” Suka tuntsure da dariya. Daga ranar gaisuwar safe kaɗai ke haɗa mu, ita ma a ciki.

Ana saura kwana uku na shiga gidan, na iske matarsa tana daka.

Na ce, “Matarmu, ran Asabar za a kwashe wancan dutsen naku na ƙofa.”

Ta tsayar da taɓarya. “Kin gaya mishi?”

“Ni ce matarshi? Ke da kuke kwana ɗaki guda.”

“Ke dai kin san halin ɗan'uwanki. Wanga ba zancena ba ne, na maza ne.”

“To ki gaya mishi ni na ce.”

Ta ce to, irin to ɗin da mace ke faɗi don a bar ta ta ƙarasa aikinta. Na ji, na kuma gane, na fita abina.

Ranar Asabar maza suka fita sharar gona tun da asuba, don hadari ya fara leƙowa daga gabas. Amalanken jakuna uku suka iso. Muka fara da ƙananan juji, mata na guɗa, ƙura na tashi. Can bayan gari akwai tsohon ramin da ake ɗibar ƙasar gini. Nan ake juyewa, taki da leda da tsummoki duk a haɗe, a yayyafa fetur a kunna. Wannan ma shawarata ce, wai don kada wani ya je ya kwaso ya dawo mana da shi.

Da hantsi muka iso ƙofar gidanmu. Cikin masu amalanken akwai wani mutumin garin Gabi, siriri, furfura ta fara fito masa, ba ya da yawan magana. Daga cin rani ya dawo, ya karɓi aikin yinin nan kafin ya wuce gida shuka. Ya tsaya da felu a hannu yana kallon tarin.

Ya ce, “Madam, wanga da mai shi. Ga ƙaya bisa.”

“Gidanmu ne.”

“Maigidan ya sani?”

“Na ce maka gidanmu ne. Nan anka haihe ni. Sa felu.”

Bai sa ba. Ya duƙa ya damƙi takin, ya murza, ya kai hanci. “Wanga ya dahu, Madam. In dai kwashewa za a yi, mu kai mishi gona.”

Raina ya ɓaci, don mata sun zagaye mu suna kallo, ga wani baƙo yana koya mini gidan ubana. Na ce ba kai taki gona aka ɗauke shi ba. Na hau kan jujin da kaina, na fizgo reshen ƙayar, ya yage mini tafin hannu, na wurgar da shi tsakiyar lungu. Sai ya sa felu. Su uku suka yi ta kai da kawowa, kafin rana ta take abin da ya kai ƙirji ya dawo bai kai gwiwa ba. Matar yayana tana cikin gida, ko leƙowa ba ta yi ba.

Wani mai babur ne ya kai wa yayana labari a gona. Na hango shi daga bakin lungu yana gudu, mutum mai shekara hamsin, ba takalmi, gatari a hannu. Guɗa ta mutu. Mutumin Gabi kaɗai ke wurin, sauran biyun sun tafi juyewa.

Yayana bai yi ihu ba. Ya tsaya yana haki, yana kallon ƙasar da jujin ya tashi daga kanta, baƙa, jiƙaƙƙiya, tana tururi. Sannan ya juya ga mai amalanke.

Ya ce, “Wa ya sa ka?”

Mutumin ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Ina tsaye taku huɗu daga gare su, lasifika rataye a kafaɗata, a kunne. Kalma biyu ce kawai, ni ce. Na kasa. Ban taɓa ganin idon yayana haka ba, jajur, ba ya ƙiftawa. Na daɗe ina nema wa shirun nan wani suna, amma tsoro ne, ba wani abu ba.

“Ina kunka kai shi?”

Mutumin ya ɗaga hannu ya nuna baƙin hayaƙin da ya turnuƙe bayan gari.

Yayana ya juya gatarin, ya kai masa duka da ƙota. Mutumin ya tare da hannun da ya ɗaga, na ji ƙashi ya ce ƙas kamar an karya busasshen kara. Bai ma yi kuka ba tukuna aka ƙara masa na biyu, sama da kunne. Jini ya yi tsartuwa har kan wuyan jakin. Jakin ya firgita ya zabura, amalanke ta daki katanga ta kife, takin da ke ciki ya zube cikin kwata. Mutumin ya faɗi rubda ciki a kan ragowar jujin, yayana ya bi shi da ƙafa, yana harbi a haƙarƙari, a baya, ko'ina ya samu, yana cewa shekara biyu, shekara biyu, kamar mai ƙirga dukan.

Matar yayana ta fito da gudu ba kallabi, ta rungume shi ta baya. Ya yi wurgi da gwiwar hannu ya same ta a baki. Ta zauna daɓas, ta tofar da jini da haƙori ɗaya a tafin hannunta, tana kallonsa kamar ba nata ba.

Sai a lokacin jikina ya sake. Na ɗaga lasifikar da hannu biyu na maka masa a gadon baya. Ta yi wata irin ƙara ta tarwatse. Ya juyo. Tun muna yara bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ranar ya zabga mini marin da ya haɗa kaina da katanga. Na ga wuta, kunnena na hagu ya toshe, har yau kuwa bai buɗe sosai ba. Daga ƙasa na fara ihu, ni ce, ni na sa shi, ni ce. Lokacin ba mai ji.

Sauran masu amalanken biyu suka dawo suka iske ɗan'uwansu cikin jini. Ba su tambayi kowa ba. Ɗaya ya sari yayana da bakin felu a kafaɗa, riga ta rabe, nama ya buɗe fari kafin ya yi ja. Maza kuma sun fara dawowa daga gonaki, kowa ya iske ƙofarsa fayau, jujinsa ya tafi. Lungu ya cika. Aka fara jifa da duwatsu da guntayen bulo. Wani ya sa lauje ya yanke tayar amalanke. Na ga maƙwabcinmu ya shaƙe matarsa a bakin zaure yana tambayarta wa ya ba ta izini, ita kuma tana yagar fuskarsa da farce. Wata tsohuwa da ta goye ni ina jaririya ta fito da taɓarya tana dukan duk wanda ta samu. Mutanen da suke salla sahu ɗaya, suna cin tuwon sunan juna, su ne suka yi ta kirɓar juna a cikin ƙura da hayaƙi, yawancinsu ba su ma san wa ya fara ba.

Abin da ya tsayar da faɗan murya ce ɗaya, ban san ta wa ba, da ta ce, “Ya mutu.” Kowa ya ja baya. Aka bar mutumin Gabi kwance a tsakiya, fuskarsa cikin taki, hannunsa a lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Na rarrafa na juyo shi. Yana numfashi, toka ta manne a kan jinin da ya rufe masa ido. Na kwance kallabina na ɗaure masa kai, nan take ya jiƙe.

Aka kai shi likita, daga can aka wuce da shi Maradi. Jandarma suka zo suka tafi da yayana, rigarsa ta manne da jikinsa. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Na bi su na ce ni na ba da umarni, ni na cire ƙayar. Suka rubuta, suka ce in koma gida, wanda ya yi duka shi ake riƙewa. Da sun rufe ni da na fi samun sauƙi.

Kwana huɗu bayan haka ruwan shuka ya sauka. Gari ya watse zuwa gonaki, yayana kuwa yana rufe. Ni da matarsa muka tafi gonar hanyar Safo, bakinta a kumbure, kunnena na zubar ruwa. Ina sara da sungumi, tana jefa iri tana rufewa da diddige. Yashi ne fari fat, ba ko ɗigon taki a kansa. Muka yini muna shuka. Sai da rana ta karkata ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Na so in gaya mishi. Sau ukku ina buɗa baki.” Na ce mata ba ita ba ce.

Dattawa suka shiga tsakani, aka yi ta zirga-zirga, amma kafin a sako shi noman fari ya wuce, ciyawa ta riga ta shaƙe abin da ya tsiro. Awakin gidan duk suka tafi wajen maganin wanda aka ji wa ciwo. Yayana ya dawo ya rame, kafaɗarsa a ɗinke. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Cikin damina na je Gabi. Na iske mai amalanken zaune a inuwa, kansa da tabo, yatsun hannun damansa ba sa dunƙulewa. Manomi ne, ba zai ƙara riƙe hauya da wannan hannun ba. Na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi abin da ya hana shi nuna ni ranar.

Da ya amsa, na ji maganarsa ta yi nauyi. “Da na nuna ki, ke za ya sara. Ke ko ƙanwarshi ce.” Sannan ya ce, “Amma ai na gaya miki akwai ƙaya.”

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙo ba. Na ajiye abin da na kawo na tashi.

Yanzu ba haka muke yi ba. Tun shekarar da ta biyo muke fara zuwa wurin mai unguwa, liman ya faɗa bayan la'asar, a bi zaure zaure a zauna da mai kowane juji a sa rana da shi. Mata su tsince leda, amalanke ta kai wa kowa takinsa har gona. Lungunmu ba ya kwantar da ruwa. Har Maradi ake kirana in ba da labarin yadda muka yi, ni kuwa daga shekara ta biyu nake farawa.

Amma a waccan kakar dami goma sha ɗaya yayana ya ɗaure, ga baki tara. Ko zuwa lokacin sanyi ba zai kai su ba. Mutumin da bai taɓa zuwa cin rani ba, wanda yake alfahari gonarsa ta ishe shi, sai ga shi da farin gemu ya ɗaure kaya a buhu zai tsallaka Najeriya.

Da safen da zai tafi na same shi a bakin hanya yana jiran motar Ɗan Issa, garin bakin iyaka. Na kawo masa ƙullin ƙuli-ƙuli. Na durƙusa a cikin yashi, mutane na wucewa suna kallo, ban damu ba.

Na ce, “Yaya, ka yahe mini.”

Idonsa na kan hanya. Ya yi magana a hankali, ba faɗa, kamar muna hira a tsakar gida.

“Ni ma na san jujin yana tare ruwa. Na riga na yi magana da mai amalanken shanu, mun sa rana. Ran Lahadi za mu soma kwasa.”

Lahadi, wato washegarin ranar da muka kwashe.

Ya ce, “Da kin zo bakin zaure kin ce Yaya, ga abin da za mu yi, da na ce ki bari sai gobe. Shi ke nan hwa.”

Mota ta tsaya. Ya karɓi ƙullin ya cusa cikin buhu, ya shiga, aka matsa masa wuri a baya. Har yau bai dawo ba. Wannan ita ce damina ta huɗu da ni da matarsa muke shuka gonar.